Wasiƙa daga Ƙofar Marusa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Nan hunturu ya kankama, da safe hazo har ɓoye hasumiyar Gobarau yake yi.

Saƙonka ya iso, sau uku na karanta shi. Ka ce tun da jarinka ya karye barci ya ƙaurace maka, kuma abin da ya fi cin ranka shi ne kunya, wai mai imani bai kamata ya shiga irin wannan ƙunci ba. Wannan maganar ce ta sa na ajiye waya na ɗauki biro.

Wa ya gaya maka haka? Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma daga bakinsa muka ji zancen kyakkyawan haƙuri. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki malamai ke kiranta har gobe, ba wanda ya sakaya sunan. Mu ne dai muka mayar da "yi haƙuri" murfin tukunya, a rufe mutum yana tafasa.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labari ba game da rasuwar ƙanena a 2022. Kwana ukun farko ba su ne masu wuya ba, gida cike, ana ta shiga da fita. Ranar da aka naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa, ranar na san an yi mini mutuwa. Wata huɗu tuwo a bakina kamar ƙasa. Bayan la'asar sai in sulale maƙabartar Ɗan Marina in zauna, ba addu'ar kirki nake yi ba, zama kawai.

Wata ranar Talata aka kawo gawar wani yaro, masu rakiya ba su kai goma ba. Dattijon da ke haƙa ya dube ni ya ce, "Malam, tunda kana nan, kama mana." Na tuɓe takalmi, na ɗebo ruwa, na kwaɓa ƙasa ina miƙawa ana toshe tsakanin itace. Uban yaron na tsaye, ido a bushe, yana kallon wuri ɗaya. Na san wannan kallon, nawa ne. Ban ce masa komai ba, na dai raka shi har ƙofar gida. Bayan mako guda na koma, na tarar da shi shi kaɗai a zaure, kamar yadda na zata. Muka yi shiru tare har aka kira magariba.

Tun daga nan ba na gaggawar zuwa gaisuwar mutuwa, sai an watse nake zuwa. Da can ina zan san wannan? Kada ka ɗauka na warke fa. Har yau in na ji ƙarar babur irin na ƙanena a lungunmu sai gabana ya faɗi. Ciwon yana nan, aiki ne dai ya samu.

Kai ma yanzu ka san abin da mai riba bai sani ba: yadda mutum ke buɗe shago da safe don kawai kada maƙwabta su gane. A layinku akwai mai yin haka, na rantse, kuma kai kaɗai za ka gane shi. In ka gan shi, ka saya masa shayi.

Rashin barcin kuwa, in ya zarce, ka ga likita, ba abin kunya ba ne. Kuma ka daina ɓoye wa maiɗakinka, ta riga ta sani.

Zan ba direban da ke tashi ranar Asabar ƙullin kilishi da kuka ya kawo maka. Hajiya na gaishe ka, ta ce ka yi mata shiru da yawa. Ka kira ni Juma'a bayan isha'i, ko ba ka da abin cewa.

Naka,
abokinka na Ƙofar Marusa