Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Bitar Kisan Mata a Cikin Gida

Assalamu alaikum, 'yan'uwa membobi.

A babban taron bara kun ɗora wa wannan kwamiti aikin gano yadda hukumomin shari'a ke ɗaukar darasi idan miji, ko tsohon miji, ko wani na gida ya kashe mace. Ga abin da aka yi.

Yawancin lokacinmu ya tafi ne a kan tsarin bitar kisa na Ingila da Wales, domin rahotanninsa a buɗe suke a intanet. Tushensa sashe na 9 na dokar 2004 kan cin zarafi a cikin gida, wanda bai fara aiki ba sai Afrilun 2011. Kotu tana neman wanda ya yi kisan da hukuncin da ya dace da shi. Ita kuwa bita tambayarta daban ce: su wa suka san halin da matar take ciki kafin ta rasu, kuma me suka yi da abin da suka sani?

Da zarar an yi kisan, 'yan sanda su sanar da majalisar tsaron al'umma ta yankin, ita kuma ta yanke shawarar buɗe bita cikin wata ɗaya. Sai a naɗa shugaba wanda ba shi da alaƙa da hukumomin da abin ya shafa, a umurci kowace hukuma ta killace fayilolinta kada wani ya taɓa. Asibiti, 'yan sanda, ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin taimakon mata kowa zai kawo jerin duk ranar da ya yi hulɗa da matar ko mijin, kuma wanda zai rubuta rahoton kowace hukuma ba zai zama wanda ya riƙe lamarin ko shugabansa na kai tsaye ba. Daga nan a haɗe jerin nan wuri ɗaya bisa kwanan wata. A nan ne asiri ke tonuwa: likita ya ga rauni a watan kaza, ɗan sanda ya amsa kira bayan mako biyu, makaranta ta ga yaro ya daina magana, amma babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya gani. Ana jin ta bakin dangi da ƙawaye, a sakaya sunaye, a aika rahoton ga kwamitin tantancewa na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kafin a wallafa.

Ƙa'ida ta ce a gama cikin wata shida. A aikace bita da yawa kan ci shekaru, saboda jiran shari'ar kisan da layin tantancewa, kafin a wallafa ma'aikatan da ake son gyara wa aiki sun canza wuri. Babbar matsalar da muka gani kuwa ita ce maimaicin shawarwari. Rahoto bayan rahoto sai ka ga “a ƙara horar da ma'aikata”, “a inganta musayar bayanai”, ba sunan ofishin da zai yi, ba ranar gamawa, ba mai bibiya. A ganinmu irin wannan shawara cika takarda ce kawai.

Ƙaramin kwamitin lafiya ya tattara alamomin haɗari da suka fi yawan fitowa. Na gaba-gaba shi ne shaƙe wuya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya nuna cewa haɗarin kashe macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa ya ninka fiye da sau bakwai. Sau da yawa ba ya barin tabo a fata, don haka abin dubawa shi ne dushewar murya, wahalar haɗiya da ɗigo-ɗigon ja a farin ido. Ingila ta mayar da shaƙe wuya laifi mai zaman kansa a Yunin 2022. Sai mallakewa da takurawa, wato ƙwace waya, hana fita da riƙe kuɗinta, wanda ya zama laifi a can tun 2015. Farfesa Jane Monckton Smith ta bi diddigin kisa 372, ta fitar da matakai takwas da ke kai wa ga kisa a 2019, kuma rabuwa ko yunƙurin rabuwa na cikin manyan abubuwan da ke tunzura mai kisan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin lokacin yaji, da biko, da neman khul'i a kotu, shi ne lokacin da dangi kan saki jiki su ce ai ta tsira.

Bisa wannan muka tsara daftarin fom ɗin bita. Ba mu kwafi jerin hukumomin Ingila ba, don a nan waɗanda ke fara jin kuka su ne waliyyi, mai unguwa, limami, Hisba inda take, mai kemis ɗin da ya ɗinke rauni aka ce masa a banɗaki ta faɗi, da magatakardan kotu. Fom ɗin yana da gurbi biyar: kwanan wata, wanda aka kai wa kuka, abin da ta faɗa da bakinta, abin da aka yi, da inda aka tura ta. Kowace shawara kuma dole ta zo da ofishin da zai aiwatar da ranar da za a waiwaye ta. Mun gwada shi a kan hukunce-hukuncen da aka riga aka wallafa, sai gurbi na uku ya riƙa fitowa fayau. Ana rubuta cewa an yi sulhu an ba ta haƙuri, kalamanta kuwa ba a rubuta.

Cikas biyu sun tsaya mana. Ana yin jana'iza a ranar rasuwa, kuma dangi ba sa son binciken gawa, don haka muka ba da shawarar likita ya duba wuya da idanu ya ɗauki hoto kafin wanka, abin da ba zai jinkirta sutura ba. Na biyu, inda ake aiki da dokar kisasi, magada na iya yafewa ko su karɓi diyya. Haƙƙinsu ne, amma bai kamata rufe shari'a ya rufe bita ba. Ita ma dokar hana cin zarafi ta Najeriya ta 2015 ba ta tanadi irin wannan bita ba.

Ba a samu zama da jami'an ma'aikatar shari'a a bana ba, an ɗaga shi zuwa shekara mai zuwa. Bayanin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji. Abin da muke nema a wannan taro shi ne amincewarku da daftarin fom ɗin, da kuma lauya ɗaya da ma'aikaciyar jinya ɗaya daga kowane reshe da za su shiga kwamitin bibiyar shawarwari. Sakatare zai karɓi sunaye kafin a tashi.