Kafin ka sayi kyamarar nan

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Wata bakwai ba a ji ɗuriyarka ba, sai da aka danƙa maka makullin ɗakin busassun tsirrai ka tuna kana da aboki. Na yafe, amma bashi ne. Kai da rasit ba ya kwana biyu a aljihunka, yau kai ne mai kula da dubban katunan da aka manna busassun tsirrai a kansu, wasu ma sun girmi kakanka. Allah ya taya ka riƙo.

Ka tambayi wace kyamara za ku saya don ɗora samfuran a intanet, kowa ya gani kyauta. Zan zo kanta. Abin da ya hana ni sakat shi ne garin nan da ka ce kana gani a cikin wasu fayil. Kashin ƙwaro ne. Galibi ɗan jan ƙwaron nan ne mai cin taba, Lasioderma serricorne, kuma tsutsarsa ce ke ɓarnar. Fure da 'ya'ya ta fi so, wato daidai abin da ake gane tsiro da shi. Don haka firiza ce farko. A sa fayil ɗin a leda mai kauri, a rufe ruf, a bar su a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili mako guda cur. Kada ɗaurin ya yi kauri, don sanyi ba ya saurin ratsa tsakiya. In an fito da su, a bar ledar a rufe kwana ɗaya. Wanda ya yi garajen buɗewa, raɓa za ta kwanta a kan takarda, ya kori ƙwaro ya gayyato fumfuna. A share kabad ƙal kafin a mayar, danshin ɗaki kuma kada ya wuce kashi 50 cikin ɗari.

Tsofaffin katuna masu tabo ruwan toka ko baƙi-baƙi, ka yi hattara da su. A da da gubar zaiba ake shafe samfur don maganin ƙwari, kuma har yau tana nan. Safar hannu ta roba, taga a buɗe, sannan ka bar halinka na lasar yatsa in za ka ɗaga takarda. Kati ba shafin littafi ba ne da za a riƙa kifawa. A kwance ake ɗaukarsa, da hannu biyu. Ganye ko iri da ya ɓalle, a ɗauka da matsefata a sa a ɗan ambulan da ke manne a katin. Salatif kuwa kada ya shigo ɗakin ma, don gam ɗinsa yana tsufa ya bar tabo.

Yanzu ga abin da na zauna rubuto maka: lamba. Kowane samfur sai ya samu lambarsa shi kaɗai, a buga ta da bakod (zane-zanen layukan nan da na'ura ke karantawa), a manna a kan katin kafin a ɗauki hoto, ba bayan an ɗauka ba. Lambar nan ita ce sunan hoton, ita ce kuma ke farkon layinsa a rumbun bayanai. A gabanta a sa haruffan da Index Herbariorum, rajistar ma'adanan busassun tsirrai ta duniya, ya ba ma'adanarku, kamar yadda ta lambun Kew a Landan ke da K, ta Faris ke da P. In ba ku da su, ku nema a Lambun Tsirrai na New York, su ke riƙe da rajistar. Kada kowa ya buga lamba da hannu, a bar na'ura ta karanta. Mutum ya gaji da la'asar ya juya 68 ta koma 86, shi ke nan hoton gawo ya hau kan bayanin kuka, kuma ba mai ganewa sai wani a wata ƙasa ya rubuto yana tambaya. In kati ɗaya na ɗauke da tsiro biyu da aka tsinko daban-daban, bakod biyu za a sa. In tsiro ɗaya ya ci kati uku, kowanne da tasa, a rubuta cewa 'yan uwan juna ne.

Hoton kansa ba ya da wuya. Kati yana kai santimita 29 a faɗi, 42 a tsawo. Kyamara a kafe a sama tana kallon ƙasa sak, fitila biyu dama da hagu masu laushin haske, a kashe ta silin. A cikin kowane hoto a ga rula, da allon launuka, da bakod, da abin da ke cikin ambulan a buɗe. In sikana ce, ba a kifa samfur a kan gilashi. Shi ya sa a Kew suka ƙera wadda ke kife daga sama, kati yana kwance ana ɗaga shi zuwa gare ta. Samfuran asali, waɗanda da su aka raɗa wa tsiro suna, yawanci suna cikin fayil mai jan baki, su za ka fara da su, a ɗigo 600 a kowane inci. Hoton TIFF ɗaya, wato wanda ba a matse ba, a haka yana kai megabait 200, sai ka lissafa wurin ajiya tun yanzu: kwafi uku, ɗaya a wani gini daban. JPEG mara nauyi ake ɗorawa a intanet. Kada labarin ma'adanar Faris ya ruɗe ka, su da bel mai tafiya suka ɗauki sama da kati miliyan 5. Mutum biyu, ɗaya na ɗorawa ɗaya na ɗauka, sun ishe ku.

Af, ga labarin Malam. Malam ya yi ritaya, amma kullum yana ofis, wai ya zo kwashe littattafansa. Wata huɗu ke nan ana kwasa. Ya ce in tambaye ka madubin hannunsa da ka ara.

Kwafar bayanin da ke kan ƙaramar takardar kati, nan ne aikin zai cinye muku lokaci fiye da hoto nesa ba kusa ba. A kwafa yadda mai tsinkowa ya rubuta, har da kuskurensa, gyara kuma ya samu gurbinsa daban. Sunan mai tsinkowa da lambarsa su ne ke haɗa samfurinku da tagwayensa da ke wasu ma'adanai, kada a taƙaita su. Kwanan wata a jera shekara, wata, rana, kamar 1932-04-07, domin 4/7 wani Afrilu zai karanta, wani Yuli. Ka kula da Excel: yana cinye sifilin farkon lamba, kuma bai san kwanan watan da ya gabaci 1900 ba, sai ka mai da gurbin na rubutu zalla tun kafin a zuba komai. Tsohon suna ba a goge shi. Kati ya ce Acacia albida, yau gawo Faidherbia albida ne. Ɗan guntun takarda ake ƙarawa da sabon suna, da sunan wanda ya tantance, da shekara. Bagaruwa ma ta koma Vachellia nilotica, na san har yanzu abin na ci maka rai.

Sai wuri. In kati ya ce "kusa da kogi" kawai, kada a ɗiga masa aya a taswira kamar an ga inda ya tsiro. A ba da tsakiyar wurin, a faɗi mita nawa shakkar ta kai. A duba kada latitud da lonjitud su yi musanya, ko alamar ragi ta faɗi, tsiron yamma ya tsallaka gabas. Gurbin da ba a sani ba a bar shi wayam; in aka cike shi da sifili da sifili, sai ka iske bishiyarka a tsakiyar teku a Mashigin Gini. Tsiron da ke dab da ƙarewa, ko wanda masu tonowa ke farauta, a dusashe wurinsa kafin a fitar.

In kun jera bayanan a tsarin Darwin Core, wato ƙa'idar da ake bi wajen jera bayanan halittu, GBIF, cibiyar tattara irin waɗannan bayanai ta duniya mai hedkwata a Kofenhagen, za ta baza su kyauta. Lasisi uku take karɓa: CC0, CC BY da CC BY-NC. Ni dai ka lallaɓi shugabanninku su zaɓi ɗaya daga biyun farko, don na ukun, da ke hana amfani da bayanan don kasuwanci, yana ɗaure hannun masu amfani da yawa. Kuma ku fara da kabad ɗaya, ku kai shi har intanet, ku ga inda ya cije kafin ku taɓa sauran.

Takarda ta ƙare, na ga ban taɓa maganar kyamarar ba. Turo mini hoton garin nan tukuna, da adadin katunan, ƙirge ba kintace ba. Ka gaida uwargida da yara, ka kuma nemo madubin Malam.

Naka har kullum.