Sakin vokal da wahalar neman takarda a gidan shari'a

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ku da aiki. Ku ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ke cin mata da yara a nan Tahoua, wato yadda aure ke mutuwa ba takarda, sai ranar da buƙata ta taso a shiga neman abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ni tsohon malamin lakwal ne, duk wanda aka ba takardar Faransanci a unguwarmu gurina yake kawowa in karanta mishi, to daga nan ne na san abin da nake faɗi.

Kowa ya san Adar, yankinmu na Tahoua, ƙasar 'yan bida ce, da an kai hatsi rumbu magidanta sun kama hanyar Abijan ko Libiya ko Aljeriya, wani sai ya shekara uku ba a ga ƙeyarshi ba. Da can in mutum zai saki matarshi wasiƙa yake aikowa a hannun wani, ko ba komai akwai abin riƙewa da ɗan aiken da zai shaida. Yanzu kuwa vokal ne, wato saƙon murya, a WhatsApp, cikin dare, cikin fushi. Ɗiyar wani maƙwabcina haka aka yi mata, ta ji vokal, uwarta ta ji, ta yi idda a gidansu, salular ta lalace aka sai wata, bayan nan wani ya fito neman aurenta har an sa rana sai ga tsohon mijin ya diro daga Abijan ya ce shi bai saki kowa ba. Ta zo gurina tana kuka tana cewa Baba Malam wallahi da kunnena na ji, na ce ɗiyata na yarda, amma alƙali shaida zai tambaye ki, wa ya ji ban da innarki? Shiru. Sai da aka samo wani ɗan garinsu da suke ɗaki ɗaya a can wanda aka yi maganar a gabanshi sannan aka warware, shi kuwa manemin tuni ya janye.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Nijar har yau ba mu da kundin dokar iyali, an gwada kawo shi ba sau ɗaya ba ana watsi da shi. Saboda haka dokar tsarin kotuna, ta 2004 da ta 2018 da ta maye gurbinta, cewa ta yi maganar aure da saki da gado a yi wa mutane hukunci da al'adarsu, mu nan kuwa al'adar ta gauraye da fiƙihun Malikiyya. Shi ya sa in ka shiga zaman irin wannan shari'a za ka ga alƙali bai zauna shi kaɗai ba, akwai dattawa masana al'ada a gefenshi da yake shawara da su. Ke nan gidan shari'a ba gurin Turawa ba ne kamar yadda tsofaffinmu ke ɗauka, abin da liman zai gaya miki kusan shi za ki ji a can, bambancin kawai can ana rubutawa a buga hatimi. Waɗanda suka ɗaura aurensu bisa dokar boko a ma'aikatar magajin gari su hanyarsu daban ce, kuma ba su da yawa.

Ba na raina sulhun gida. Mai unguwa da hakimi da sarki doka ta ba su ikon sasanta mutane, malamai ma suna ƙoƙari, a Yamai ofishin Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar kullum cike yake da ma'aurata. In an shirya, alhamdu lillahi. Amma in ba a shirya ba kar a watse da "to Allah shi sa haka ya fi alheri" kawai, a nemi takardar abin da aka yi, da sunan shaidu, a kai gaban alƙali ya tabbatar da sakin ya ba da takarda. Namiji in shi ya yi saki aikin rana ɗaya ne gare shi ya je ya faɗa a rubuta, amma da yawa da gangan suke ƙi, don su bar ta a rataye, ita ba matar aure ba ita ba bazawara ba. Wannan mugunta ce, ba addini ba.

Mace kuma in ita ke son rabuwa, ko an bar ta ba ci ba sha, ba dole sai da lauya ba, dama lauyoyin akasarinsu Yamai suke. Ta tafi da katin ɗan ƙasa, da takardar aure in akwai, da takardun haihuwar yara, ta nemi ofishin magatakardan kotu, girefiye, a rubuta kokenta, a ba da sammaci a kai wa mijin. Alƙali zai fara gwada sulhu tukuna, kar ta ɗauka an ƙi sauraronta ne. Wani lokaci in ita ta nace ba tare da ta nuna cutarwa ba sai a ce ta maida sadaki, gara ta san da haka tun daga gida. Wadda ba ta da hali akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimakon marasa ƙarfi a harkar shari'a, tana da biro a manyan kotuna, akwai kuma ƙungiyar mata masana doka ta AFJN. Ku tambayi matan kasuwa in akwai wadda ta taɓa jin sunansu.

Sai riƙon yara, inda aka fi zubar da hawaye. A bakin mutane da yaro ya kai shekara 7 na uba ne, wasu ma ko yaye ba a gama ba dangin uba sun zo da kabu-kabu sun ɗauke. Amma duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma na kan uba. Alƙali yana duba al'ada yana kuma duba inda yaron zai fi samun kula. Uban da ke Abijan wata goma cikin shekara, in ya karɓi yaro wa zai riƙe shi? Kishiya, ko kaka da ido ya tafi. Shawarata, ranar da ake maganar saki ranar za a yi ta yara, a rubuta a hannun wa suke, jika nawa uban zai riƙa bayarwa a wata, yaushe ɗayan zai gan su, kuma takardun haihuwarsu gurin wa za su zauna, don na sha ganin yarinya za ta yi jarrabawar BEPC takardarta na cikin akwatin uban da ba ya ɗaukar waya. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa ko aure, kyauta, in an wuce sai ta hanyar hukuncin kotu.

To ko an yi shari'ar ma da saura. Ranar da aka yanke hukunci mutane murna ko baƙin ciki ke ɗauke su su fita ba su tambayi lambar hukuncin ba. Na taɓa raka wata ƙanwata wata kotu a cikin jihar nan neman kwafin hukuncin sakinta, ma'aikacin ya ce wace shekara, ta ce shekarar da aka yi fara. Ya buɗe mana wani ɗaki, manyan rajistoci jibge har kusa da rufi, dosiye ɗaure da igiya, wasu gara ta ci gefensu wasu ruwan damina ya manne shafukan, kuma ba a jera su da sunan mutum ba, da shekara da lamba ne. Bawan Allah ya yi ta buɗawa yana atishawa har ya gano, ba zan ce bai yi ƙoƙari ba, amma da bai ga dama ba cewa zai yi ku dawo wani sati. Don haka ranar hukunci a rubuta lamba da kwanan wata da sunan kotun, a nemi kwafi tun abin na da zafi, a tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara in ba a gamsu ba tunda yanzu muna da kotun ɗaukaka ƙara a nan Tahoua, duk abin da aka biya a karɓi rasit, kuma a guji 'yan tsaye bakin ƙofa masu cewa kawo in shigar miki. A yi fotokopi a aje gidan wani ɗan'uwa daban, a ɗauki hotonta a waya.

Roƙona ga ma'aikatar shari'a, tunda kundin mulkin ƙasa na 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, a kafa allo bakin kowace kotu da Hausa, boko da ajami, mai faɗin ƙofar da za a shiga da takardun da za a kawo da kuɗin kowace takarda, a kuma fara shigar da tsofaffin rajistocin nan cikin kwamfuta kafin gara ta gama da su. Ku kuma Malam Edita ku gayyato wani alƙali ko girefiye ya amsa tambayoyin mata a shafinku ko sau ɗaya a wata, ni da kaina zan tattaro muku na unguwarmu in aiko.

Naku,
Tsohon malamin lakwal, Tahoua