Cin hanci a zaurukan satar fasaha na intanet

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin jama'a kan cin hancin da ya zama ruwan dare tsakanin masu kula da zaurukan Telegram da WhatsApp, waɗanda ake raba fina-finan Hausa da littattafan marubuta a cikinsu ba tare da izinin masu su ba.

Masu kula da waɗannan zauruka sukan ce aikin sa kai suke yi domin talaka ya samu abin kallo kyauta. Sai dai duk wanda ke riƙe da ƙofar zaure mai mabiya dubbai, shi ke da ikon shigarwa da kora da liƙa saƙo a sama, kuma wannan ikon ne wasunsu suka mayar haja. Wanda aka kora yakan ba da na goro a dawo da shi, mai tallar caca ko tsarin zuba kuɗi na bogi yakan biya a ɗora masa tallarsa a gaban matasa, kamar ba a ƙasar nan irin wannan tsarin mai suna MMM ya tafi da dukiyar mutane a 2016 ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tatsar masu fasahar kansu. Marubuciyar da ta yi watanni tana rubutu, ko mai shirya fim da ya ci bashi kafin ya kammala aiki, sai ya ga kayansa a zaure, ya bi mai zauren da magiya, shi kuwa ya yanka masa farashin cirewa ko na jinkirta sakin sauran. Mu mutanen Kaduna mun san abin da biyan kuɗin fansa yake haifarwa: wanda aka biya yau zai dawo gobe, maƙwabcinsa ma ya buɗe nasa zauren. Ban zargi mai biya da mugunta ba, domin tsoron asara ne ya kai shi, amma kuɗinsa ne ke riƙe da sana'ar.

Ga shi kuwa akwai hanyar doka. Sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta bai wa mai aiki damar neman a sauke kayansa da aka sace daga intanet, ta kuma bai wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ikon toshe shafukan da ke wannan ɓarna. Ina kira ga ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim a Kaduna su riƙa tattara shaidar neman kuɗin nan, musamman lambobin asusun bankin da ake turawa, su kai wa hukumar a ƙungiyance, tunda asusun banki yana ɗauke da sunan mai shi ko da ya ɓoye fuskarsa a zaure.

Naka,
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna