Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro Kan Ƙafafun Igwar Morta

Mai girma Minista, barka da aiki, Allah ya taya riƙo.

Ni tsohon soja ne, a ɓangaren morta na yi mafi yawan aikina kafin in ajiye kaki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba jirgin yaƙi ba ne, ba tankar yaƙi ba ce. Ƙaramin abu ne da ba a yanka masa kintinkiri, ba a gayyatar 'yan jarida ranar da ya iso: ƙafafun ƙarfen nan biyu da igwar morta ke jingina da su, da sukurun da ke ɗaga bakinta yana sauke shi.

A watan Nuwamban 2023 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati, aka ce mana lokacin dogaro da makaman waje ya kusa wucewa. A 2024 kamfanin ya cika shekara 60 da kafuwa a Kaduna, aka yi biki, aka yi jawabai. Tun zamanin mulkin Obasanjo kuma muke jin cewa DICON ya ƙera samfurin morta mai milimita 60 da mai 81. To ranka ya daɗe, a cikin mortocin da ke hannun yaranmu yau a Borno da Yobe da Zamfara, nawa ne ke tsaye a kan ƙafafun da aka ƙera a masana'antar DICON ta Kakuri? In sukurun ɗaya ya cinye a dajin Sambisa, daga wane sito madadinsa zai fito, kuma cikin kwana nawa? Amsar wannan nake so a karanta a gaban kwamitin tsaro na majalisa, da alƙaluma, ba da kirari ba.

Na san hafsoshinka sun san aikin, amma tun da masu tsara kasafi ba su taɓa durƙusawa a bayan morta ba, bari in faɗa a taƙaice. Kashi huɗu ne: bututu, da farantin da gindinsa ke zama a kai, da ƙafafu, da madubin saiti. Farantin ne ke shanye dukan harbi ya mayar wa ƙasa. Ƙafafun kuwa su ke riƙe da lissafi. A jikinsu akwai hannun da ake juyawa a ɗaga baki ko a sauke, da wanda ke kai shi dama ko hagu, da wanda ke daidaita karkata in ƙasar ba ta miƙe ba, sai shoka da ke hana girgizar harbi kaiwa ga madubi. Mai saiti yana kallon ɗan kumfan ruwa ne kamar yadda birkila ke kallon filam, sai ya tsaya a tsakiya sannan ya ce a saka.

Morta ba ta harbi kai-tsaye. Sama take jefawa, daga wajen digiri 45 zuwa 85, harsashin ya yi baka ya faɗo ta ka. Da an ƙara ɗaga baki sai ya faɗi kusa, da an sauke zuwa 45 sai ya ƙara nisa. Sau da yawa mai harbin ma ba ya ganin inda yake jefawa, lamba ake karanto masa ta rediyo. Ma'aunin da ake aiki da shi ya fi digiri ƙanƙanta nesa ba kusa ba: ana raba da'ira gida 6,400, kowane gida ɗaya kuma daidai yake da kusan mita ɗaya a nisan kilomita ɗaya. Ke nan in bakin ya goce gefe da gida goma kacal, abin da ido ba zai lura da shi ba, a nisan kilomita huɗu harsashin ya kauce da mita arba'in. Mita arba'in a ƙauye gidan wani ne. A fagen daga kuma ramin da 'yan'uwanka ke kwance ne suna jiran ka rufa musu.

Ga yadda lalacewar ke zuwa. Ƙurar hunturu ta haɗu da giris ta riƙa cin tiredin sukuru sannu a hankali. A jefa ƙafafun a bayan Hilux a bi da su hanyar da ba hanya ba, wata ta ɗan lanƙwashe. Shoka ta mutu. Daga nan sai hannun juyawa ya fara lilo, ka juya shi bakin bai motsa ba, ka yi harbi ɗaya saitin ya zame. Bututun lafiyarsa ƙalau, harsashi na nan cike da akwati, a takarda makamin yana aiki. Wanda ke bayansa ne kaɗai ya san ya daina yarda da shi. Sojan da bai yarda da mortarsa ba kuwa ba zai jefa kusa da abokansa ba ko da ana cin su da yaƙi, kuma a daidai wannan lokacin ne aka fi bukatarta.

Wani abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne sayayyar da muka yi ta yi daga gabas da yamma. Muna da masu milimita 81 na tsarin Turawan Yamma, muna da masu 82 na tsarin Rasha, waɗanda su a can da'irarsu gida 6,000 ce. Ƙafar wannan ba ta hawa wancan, madubin wancan ba ya karanta lambar wannan. Duk wanda ya sa hannu a kwangilar sayen makami bai haɗa da kayan gyaransa na shekaru ba, to ya saya mana abin ajiya ne.

An cire dala miliyan 496 a 2018 don jiragen Super Tucano 12, sun iso a 2021, mun yi murna, ba na ƙyashi. Amma jirgi sai ya taso daga sansaninsa, sai yanayi ya ba shi dama. Morta irin L16 ta Ingila nauyinta bai kai kilo arba'in ba, mutum uku sun rarraba ta sun ɗauka, tana jefa harsashi fiye da kilomita biyar, kuma tana tare da bataliya dare da rana. Ita ce igwar talakan soja. Sai ga shi mun iya ƙera motar yaƙi ta Ezugwu har Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ita a 2019, kamfanin DICON a shekarun da ya rasa abin yi har kujeru ya yi, har harkar gishiri ya shiga, amma sukuru mai tiredi ne zai gagare mu? Ba ina cewa a kai aikin Panteka ba, domin yana son ƙarfe mai kyau da awo na ƙwarai da gwaji. Ina cewa ne ƙasar da ke da makarantar injiniyoyin soja a Auchi da cibiyar sojan ƙasa a Jaji ba ta da hujja.

Don Allah, ranka ya daɗe, kada a jira sai an kuma. Ba mu manta da Disambar 2014 ba, lokacin da aka yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa kan ƙin fita yaƙi, su kuma suna cewa kayan aiki ne babu. Ba mu manta da harin da aka kai wa sansanin soja na Metele a 2018 ba. Mutanen Tudun Biri kuma sun san abin da kuskuren wuta daga sama ke yi, ko da yake nasu jirgi marar matuƙi ne ya jawo.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. A tura makanikan makamai su bi bataliya-bataliya su auna ƙafafun kowace morta da ke fagen daga, wadda ta yi lilo a janye ta a ranar. A ba DICON odar ƙafafu da sukurai da shoka a rubuce, da kuɗi, da wa'adi, a gwada su a filin harbi kafin a raba. A kafa sito a Maiduguri da Gusau don kada kayan gyara su riƙa jiran sa hannun wani a Abuja.

Akwai maganar Ajaokuta da ƙarfen da har yau ba mu gani ba, akwai ta haƙƙoƙin matan waɗanda suka kwanta dama, amma waɗannan sai wani jiƙon.

Ina sauraron alƙaluman nan a zaman kare kasafi mai zuwa.

Naka,
Tsohon saje, daga Kaduna