A yi amfani da hasken rana wajen tsaftace ruwan rini

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masana'antun lemo da alawa kan ruwan rinin da suke saki cikin magudanai, musamman tatrazin mai sa lemo launin rawaya, wanda ba ya ruɓewa da sauƙi.

Idan aka zuba garin wani farin sinadari mai suna titaniyam dayoksaid cikin ruwan aka bar shi a rana, garin yakan samar da sinadarai masu farfasa rinin har launin ya gushe. Binciken masana kimiyya Fujishima da Honda na Japan a 1972 shi ya buɗe wannan fage. Kusan kashi 5 cikin ɗari na hasken rana kaɗai garin ke amfani da shi, amma rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Sai dai gushewar launi ba shaidar tsafta ba ce, dole a auna ruwan kafin a sake shi.

Mai karatu daga Kano