Kwana ɗaya ba ya kashe zazzaɓin cizon sauro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Shekara 22 ke nan ina tsaye a kantin magani, kuma duk damina abu ɗaya nake gani: uwa ta sayi ACT, wato haɗin magunguna biyu na zazzaɓin cizon sauro, yaro ya sha na kwana ɗaya, jiki ya yi sanyi, sai ta ƙulle sauran a bakin zane ta ajiye wa ƙanensa.

Ƙwayar cutar nan cikin jajayen ƙwayoyin jini take tarewa, tana cin sinadarin da ke ba jini launinsa. Cikin abincin akwai ƙarfe. Artemisinin, wato tushen maganin ACT, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar daga wani nau'in tazargade a 1972, lamɓo yake yi har ya gamu da ƙarfen da cutar ta warware wajen ci, sannan ya tashi ya lalata ta daga ciki. Lafiyayyar ƙwayar jini kuwa ƙarfenta a kulle yake, sai maganin ya wuce ta. Kwaɗayinta ne ajalinta.

Sai dai artemisinin ba ya daɗewa, cikin 'yan sa'o'i jiki ya fitar da shi. Abokin tafiyarsa, lumefantrine, shi ke zama kwanaki yana share waɗanda suka tsira, kuma ba ya shiga jini sosai sai an sha madara ko an ci abu mai maiƙo. Shi ya sa aka ce a sha sau shida cikin kwana uku.

Tsararrakina ba su manta kulorokwin ba, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da ke hana barci (ni har da tsintsiya na sosa bayana). Aikinsa shi ne hana cutar daskarar da gubar da ke fita daga abincinta, sai gubar ta kashe ta. A hankali ƙwayoyin cutar da ke iya tofar da shi suka yawaita, har Najeriya ta sauya shi da ACT a 2005. Yanzu kuma a Ruwanda da Yuganda an fara ganin ƙwayoyin cuta masu jinkirin mutuwa a gaban artemisinin.

Mu masu kanti ma da laifinmu, domin akwai masu yanka kati su sayar da rabi. Jiya wata ta ce in ba ta ƙwaya huɗu, kuɗinta ke nan. Na ba ta katin duka, na rubuta sauran bashi.

Naka,
Wani mai kantin magani, Funtuwa